Ana horar da mata, makulli yana hannun jam'iyya

A ƙarshen watan Yunin 2021 gwamnatoci da kamfanoni da manyan gidauniyoyi suka hallara a birnin Paris, suka tashi da alƙawarin dala biliyan 40 cikin shekara biyar domin rage giɓin da ke tsakanin maza da mata. Gidauniyar Gates ita kaɗai ta ce za ta ba da biliyan 2.1. Wannan alheri ne, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Sai dai idan mutum ya duba yadda gidauniyar ta kasafta nata kuɗin, zai ga biliyan 1.4 na lafiya da tsarin iyali ne, miliyan 650 na sana'a da tattalin arziki, sannan miliyan 100 na shugabancin mata. Ke nan abin da ya shafi riƙe ragama bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, kuma ko a cikinsa ba duka ne na siyasa ba.

Ba ina nufin a ɗebe daga asibiti a kai wa 'yan siyasa ba. Abin da ke damuna shi ne ɗan abin da ake warewa ɗin ma, a iya ganina, galibinsa yana tsayawa ne nesa da inda matsalar take.

Lokacin babban taron mata na Beijin a 1995, mata su ne kashi 11.3 cikin ɗari na 'yan majalisun dokokin duniya. A farkon 2025, bisa ƙididdigar ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya, IPU, sun kai kashi 27.2. An ci gaba, amma shekara talatin ce aka kwashe kafin a wuce rubu'i da kaɗan. Akwai kuma ƙasashen da har yanzu ba su ko kusa ba. Majalisar dattawan Najeriya da aka zaɓa a 2023 tana da kujeru 109, matan da ke ciki ba su wuce huɗu ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa harkar ƙungiyoyi masu zaman kansu ya san taron bita na 'yan takara mata. Zaure ne a otal, an kafa ƙyalle mai tambarin masu tallafi a bango, an jera kujeru, kowace mace an ba ta jaka da biro da ɗan littafi. Kwana biyu ko uku ana koya musu yadda ake tsayawa gaban jama'a, yadda ake amsa tambayar ɗan jarida, yadda ake tsara manufofi, yadda ake amfani da Facebook. Ranar ƙarshe a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ta sa hannu ta karɓi kuɗin mota. Mai shirya taron ya koma ofis ya rubuta rahoto cewa an horar da mata kaza. Ba ƙarya ya yi ba, an horar da su ɗin. Wasu ma sun ƙaru ƙwarai, sun sami ƙawaye da abokan shawara da za su daɗe tare.

To amma dubi su waye a zauren. Akwai shugabar makaranta da ta yi shekara da shekaru tana tafiyar da ɗaruruwan ɗalibai da malamai, akwai lauya, akwai 'yar kasuwa mai ma'aikata a ƙarƙashinta, akwai wadda ta daɗe tana tara wa jam'iyya ƙuri'u gida-gida. Ba rashin iya magana ne ya hana waɗannan shiga majalisa ba. Idan ta fita daga otal ɗin ta nufi sakatariyar jam'iyya, abin da za ta tarar daban ne: kuɗin fom, daliget da kowannensu ke jiran nasa, taron manyan jam'iyya da ake sa wa lokaci bayan tsakar dare, da uban gidan da tuni ya yanke wa zai ba tikiti. Ana gobe zaɓen fidda gwani a kira ta a ce ta yi haƙuri ta janye wa wane, an yi maslaha, za a tuna da ita idan an ci. Ko kuma a ba ta tikitin, amma a mazaɓar da kowa ya san jam'iyyar ba ta taɓa kai labari ba. Takardar shaidar bita ba ta da abin da za ta yi mata a wannan daren. An gyara mai shiga, ƙofa kuwa tana nan a kulle, makullin yana aljihun shugabannin jam'iyya.

Na fahimci abin da ya sa masu tallafi suke son bita. Tana ƙirguwa, kuma kwamitin amintattu na gidauniya yana son lamba. Tana ƙarewa cikin wata shida, ba ta ɓata wa gwamnati rai, ba ta jawo wa kowa ƙara. Ga kuma doka. A Amurka, gidauniyar da aka yafe wa haraji ba ta da ikon goyon bayan ɗan takara, kuma ƙasashe da dama sun haramta wa jam'iyyunsu karɓar kuɗin waje. Wannan doka ina tare da ita, don bai dace attajirin wata ƙasa ya zaɓa wa mutane wakili ba, ko da niyyarsa ta alheri ce. Amma tsakanin saya wa 'yar takara fom da shirya mata bita akwai fili mai faɗi da doka ba ta hana shiga ba, kuma a wannan filin ne aka ci kusan duk nasarar da ake alfahari da ita yau.

A duba Senegal. A 2010, zamanin Shugaba Abdoulaye Wade, aka kafa dokar da ta ce jerin sunayen 'yan takarar kowace jam'iyya dole ya zama namiji, mace, namiji, mace, kuma jerin da ya saɓa wa haka ba za a karɓe shi ba. A zaɓen 2012 mata suka sami kujeru 64 cikin 150, kusan ninki biyu na kason da suke da shi a baya. Matan Senegal ba su ninka iliminsu cikin shekara biyu ba, ƙa'idar shiga ce ta canza. Kuma dokar ba daga sama ta faɗo ba. Ƙungiyoyin matan ƙasar, irin su COSEF wadda ta haɗa matan jam'iyyu daban-daban, sun yi shekaru suna bin malamai da lauyoyi da shugabannin siyasa kafin a kai ga haka. Faransa kuwa ta riga Senegal da shekara goma, ta yi tata dokar a 2000, amma hukuncin da ta sa a zaɓen majalisar dokoki shi ne a rage wa jam'iyya kuɗin da gwamnati ke ba ta. Manyan jam'iyyu suka lissafa, suka ga gara su yi asarar kuɗin da su sauke mazajensu. A zaɓen 2002 mata suka tashi da kashi 12 da ɗoriya. Bambancin ƙasashen biyu yana cikin 'yan layukan doka da suka fayyace hukunci, kuma irin waɗannan layukan sai an sami wanda ya zauna ya rubuta su, ya kare su a gaban kwamiti, ya hana a sassauta su a daren ƙarshe.

Labarin Meksiko ya fi kowanne nuna mini inda ya kamata kuɗi ya je. Ƙasar tana da dokar da ta ware wa mata kaso a cikin 'yan takara tun da daɗewa, amma jam'iyyu suka gano hanyar zagaye ta. A 2009, ana rantsar da sabuwar majalisa, wasu mata takwas da suka ci zaɓe suka nemi izinin sauka domin mataimakansu maza, waɗanda aka tsayar tare da su don maye gurbinsu, su hau kujerun. Ashe tun farko da wannan sharaɗin aka ba su takara: a cika ƙa'ida da sunansu, namiji ya ci moriya. Akwai kuma wata kafa a cikin dokar da ta yafe wa jam'iyya kason idan ta ce ta hanyar zaɓen cikin gida ta fitar da 'yan takararta. Sai wasu mata 'yan siyasa daga jam'iyyun da ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai da lauyoyi suka tafi kotun zaɓe ta tarayya. A ƙarshen 2011 kotun ta toshe kafar, ta kuma ce mace 'yar takarar kaso mataimakiyarta ma mace za ta kasance. A 2014 aka sa rabon takara daidai wa daida a cikin tsarin mulki, a 2019 aka faɗaɗa shi zuwa sauran sassan gwamnati. Majalisar wakilan da aka zaɓa a 2021 ta kasance mata 250, maza 250, kuma a 2024 Claudia Sheinbaum ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙasar. Daga abin kunyar 2009 zuwa nan shekara goma sha biyar ce. Abin da aka buƙata a tsawon wannan lokaci shi ne lauyoyin da suka san dokar zaɓe ciki da bai, masu bin diddigin jerin sunaye duk zaɓe, 'yan jarida masu tona asirin maguɗi, da ƙawancen da bai watse ba bayan nasarar farko.

Su waye ke irin wannan aiki, kuma me ke isa gare su? Ƙungiyar AWID, wadda ta daɗe tana bin sawun kuɗin tallafi, ta tambayi ƙungiyoyin mata 740 a sassan duniya game da kuɗin shigarsu na 2010, ta tarar rabinsu ba sa samun fiye da dala 20,000 a shekara. A 2021 ta sake lissafi ta ce kashi 99 cikin ɗari na agajin raya ƙasa da tallafin gidauniyoyi ba ya isa kai tsaye ga ƙungiyoyin kare haƙƙin mata. Kuɗin yakan bi ta manyan hukumomi da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kowa ya cire na gudanarwa, abin da ya saura ya iso ƙasa a matsayin kwangilar aiki mai wa'adi.

Ina tausayin shugabar ƙaramar ƙungiya da ke rayuwa a haka. Rabin shekararta tana tafiya ne a cike takardun neman tallafi, da harshen da ba nata ba, a kan manufar da wani ya tsara a wata nahiya. Idan ta samu, an rubuta mata dalla-dalla: kaza na zaure, kaza na buga ƙyalle, kaza na abincin mahalarta. Babu layin hayar ofis, babu albashin akanta, babu kuɗin lauya. Ranar da majalisa ta sa sauraron ra'ayin jama'a a kan wani ƙudiri ba zato, ba ta da ikon taɓa ko sisi don ta kai mutanenta, domin ba ya cikin yarjejeniya. Wata goma sha biyu na cika kuɗi ya ƙare, ma'aikatan da suka fara gogewa su kama gabansu, a sake sabon lale. Su kuwa waɗanda take fafatawa da su, shugabannin jam'iyya da masu cin gajiyar tsarin, ba su da wa'adi. Suna nan bana, suna nan baɗi.

Wannan rashin daidaiton numfashi shi ne ke kashe gwagwarmayar. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce kada jinsi ɗaya ya wuce kashi biyu cikin uku na kowace majalisa. Majalisar ta ƙi yin dokar aiwatarwa, kotuna suka yi ta ba da umarni, har a watan Satumban 2020 Alƙalin Alƙalai David Maraga ya ba shugaban ƙasa shawarar ya rusa ta. Ba a rusa ba. A Najeriya, ranar 1 ga Maris 2022, majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudirori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, ciki har da wanda zai ƙara musu kujeru 111, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Tunisiya kuma ta nuna cewa abin da aka samu ma yana iya kuɓucewa, don dokar zaɓen 2022 ta cire sharaɗin rabon takara, kason mata a majalisa ya faɗo zuwa kusan kashi 16. Mai tallafin da ya zo ana saura wata takwas zaɓe, ya tafi bayan an rantsar, bai ga komai ba daga cikin wannan.

Akwai wani ɓangare da kuɗin tallafi zai iya yi wa aiki gobe-goben nan, amma ba kasafai ake ganinsa a kasafi ba, wato tsaron lafiya da mutunci. A wani binciken IPU na 2016 da ya tattauna da 'yan majalisa mata 55 daga ƙasashe 39, kusan kashi 82 cikin ɗari sun ce an ci zarafinsu ta hanyar barazana ko ƙasƙanci, sama da kashi 44 kuma an yi musu barazanar kisa ko fyaɗe ko duka ko sacewa. An kashe 'yar majalisa Jo Cox a Birtaniya a 2016, an kashe kansila Marielle Franco a Barazil a 2018. Waɗannan waɗanda suka riga suka shiga ke nan. Wadda ke tunanin fitowa tana kallon abin da ake rubutawa a kan wata a intanet, ƙazafin da ake jifan aurenta da tarbiyyarta da shi, sai ita da danginta su yanke shawarar ba da su ba. Asusun da zai ɗauki lauya ya bi mata haƙƙinta, ya tattara hujja, ya matsa wa hukumar zaɓe ta hukunta jam'iyyar da 'yan bangarta suka tarwatsa taron mace, ba goyon bayan 'yar takara ba ne. Kare fili ne don kowa ya iya tsayawa.

Na san masu cewa ana fama da yunwa da mutuwar mata wajen haihuwa, ina ruwan talaka da yawan mata a majalisa. Tambaya ce mai nauyi, kuma Indiya ta ba da amsar da ta gamsar da ni. Tun 1993 ƙasar ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da shugabancinsu. Masana tattalin arziki Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo suka bi ƙauyukan jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan, suka wallafa a 2004 cewa inda mace ke shugabanci an fi zuba kuɗi a ruwan sha, abin da matan wuraren suka fi kokawa a kai. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙauyen da ya ga shugabancin mace sau biyu, mutanensa sun fi yarda su zaɓi mace ko da an ɗage keɓewar, kuma burin iyaye a kan 'ya'yansu mata ya ƙaru. Gaskiya ne akwai wuraren da miji ne ke juya kujerar a bayan fage. Duk da haka rijiyar an haƙa ta. Wanda ke zaune a teburin kasafi shi ke yanke ko asibitin haihuwa zai sami ungozoma, don haka raba lafiyar mata da wakilcinsu kuskure ne tun daga tushe.

Zargi na biyu ya fi wuya, kuma ba na son a share shi da hannu ɗaya. A ƙasashe da yawa ana kallon duk wannan a matsayin ajandar Turawa, kuɗi ne da ke zuwa da aƙidar da ba ta mutane ba. Wani lokaci ana amfani da zargin ne kawai don a rufe bakin mata, kuma Senegal, ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, ta isa shaida cewa al'umma tana iya ba mata kujera ba tare da ta bar addininta ba. Amma wani lokaci masu tallafi ne suka jawo zargin da hannunsu. Idan gidauniya ce ke zaɓen batun, ita ke zaɓen kalmomin, ita ke zaɓen wadda za a ɗauka a matsayin muryar mata, to ƙungiya takan wayi gari tana amsa wa mai ba ta kuɗi fiye da matan da take wakilta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga nan sai ka ga ƙungiyar da ta iya rubuta rahoto mai kyau amma ba za ta iya tara mata ɗari biyu ba tare da kuɗin mota ba, alhali ƙungiyoyin mata na addini da na sana'a da na manoma, masu mambobi na gaske, ba su san hanyar ofishin mai tallafi ba.

Son lamba ma yana da nasa hatsarin. Ruwanda ce kan gaba a duniya, mata sun haura kashi 60 cikin ɗari na majalisar wakilanta, kuma ana yawan kafa misali da ita. A ƙasar ne kuma aka ɗaure 'yar adawa Victoire Ingabire shekaru, aka hana Diane Rwigara takarar shugaban ƙasa a 2017 da 2024. Kujera tana da amfani ne gwargwadon 'yancin mai zama a kanta na cewa a'a. Mai tallafin da ke neman adadi kawai zai iya taya gwamnati kwalliya bai sani ba.

Shekarar 2025 ta tona wani abin da aka daɗe ana kawar da kai daga gare shi. Gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agajin ƙasashen waje, USAID, Birtaniya ta sanar da rage agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi ƙungiyoyin mata 411 da ke aiki a yankunan rikici na ƙasashe 44, kusan rabinsu suka ce za su iya rufewa cikin wata shida idan abin ya ci gaba a haka. Gidauniyoyi ba za su cike wannan ramin ba, kuɗinsu bai kai ba. Abin da suke da shi wanda gwamnatoci ba su da shi shi ne 'yanci: ba zaɓe ke jiransu ba, suna iya haƙurin shekara goma, suna iya ɗaukar kasadar da ma'aikatar gwamnati ba za ta ɗauka ba. Attajirar Amurka MacKenzie Scott ta nuna ana iya yi, don daga 2020 zuwa ƙarshen 2024 ta raba fiye da dala biliyan 19 ga ƙungiyoyi sama da dubu biyu ba tare da gindaya musu yadda za su kashe ba. Akwai kuma hanyoyin da mata suka gina da kansu domin kai kuɗi ga ƙananan ƙungiyoyi, irin su Mama Cash da aka kafa a Holan a 1983 da Asusun Raya Matan Afirka, AWDF, mai hedikwata a Accra. Gidauniyar da ta ce ba ta da ma'aikatan da za su tantance ƙananan ƙungiyoyi, ga waɗanda suka san su.

Abin da nake roƙon masu tallafi bai da yawa. Su ba da na shekara biyar ko goma maimakon na wata goma sha biyu, su bar ƙungiya ta biya haya da albashi da lauya, su daina tambayar mutum nawa aka horar su fara tambayar wace ƙa'idar jam'iyya ce ta canza. Su kuma yarda cewa wata shekarar ba za a ga komai ba sai ƙudirin da ya faɗi, kuma faɗuwar tana cikin aikin.

Saura ɓangaren da kuɗin waje ba zai taɓa ba, kuma bai kamata ya taɓa ba: kuɗin takarar kanta. Fom, fosta, man mota, wakilan da za su tsaya a kan kowane akwati har a gama ƙirga. Wannan na 'yan ƙasa ne. A Amurka, Ellen Malcolm da wasu mata sun kafa EMILY's List a 1985 saboda sun lura manyan masu ba da kuɗi ba sa kallon mace sai ta nuna tana da abin farawa. Ƙungiyar tana da jam'iyyarta da aƙidarta da ba kowa zai bi ba, dabarar kawai nake nufi: mambobi da yawa, kowa ya ba da ɗan abin da zai iya, a tara a miƙa wa 'yar takara tun da wuri. A 1986 suka taimaka wa Barbara Mikulski ta shiga majalisar dattawa. Kowace ƙasa tana da attajiranta da 'yan kasuwarta mata da ma'aikatanta da ke ba da gudummawar gina makarantu da asibitoci, amma da wuya ka ji sun kafa asusun tsayar da mace takara. Idan za a kafa irinsa, lokacinsa shi ne kafin zaɓen fidda gwani, domin a can ake zubar da yawancin mata, watanni kafin masu ƙuri'a su ga sunan kowa.